Ɓauren Kufan Alhaji Mode

Duk wanda ya tashi a Kwargaba ya san ɓaure. Ka tsinko shi ya yi ja, ka ɓare da babban yatsa, ka hure 'yan ƙwarin da ke ciki, ka jefa a baki. Ba mai ƙyamar ƙwarin nan, don su ne shaida: abin da ƙwaro ya ci ya kwana lafiya, ɗan Adam ma zai ci ya kwana lafiya. Ba kuwa wanda ya kai Inna Turai riƙon wannan magana. Ita ce unguwarzomar gari, shekara arba'in tana yanke cibi, kuma irin tsofaffin nan ce da in ta ce maka kaza ne, to ka yi shiru ka huta, don ko liman sai ya gyara murya kafin ya musa mata.

A shekarar da Nasara suka kwashi maza zuwa haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna, ɗanta Mainasara na cikin waɗanda aka tasa gaba. Ya bar matarsa Safara'u da tsohon ciki. Safara'u kuwa sau uku tana haihuwa, sau uku ana fita da jariri a hannu zuwa maƙabarta. Da ta huɗun ta zo, mace, ta yi wata biyu tana tsotso tana ƙiba, sai gidan ya koma kamar an kunna fitila. Kyauta suke kiranta. Turai ba ta yabon jika a gaban mutane, amma ko ƙuda ya sauka a kan yarinyar nan sai ta bi shi da zagi har bakin zaure.

Bazara ta yi tsanani. Rumbu ya kai inda ake shiga da tsintsiya ana sharo ƙasa-ƙasa, ga mai shayarwa da yunwar da ba ta jin rarrashi. Itacen girki ma ya zama abin nema, don 'yan gandun daji na kama duk wanda suka gani da gatari. Shi ya sa wata safiya Safara'u ta ratsa ta bayan gari, ta shiga kufan Alhaji Mode, inda tsofaffin azara suka zube ba mai ɗauka.

Alhaji Moden nan da ƙafa ya tafi Makka. Shekara goma sha tara ya yi, ya dawo ba mata, ba ɗa, ba haƙori. Abin da mutane suka tuna game da shi kawai, wani ɗan guntun icce da ya kafa a bakin rijiyarsa, kullum yana zuba masa ruwan alwala yana yi masa magana. Aka ce tafiya ta taɓa kansa. Bai rufa shekara biyu ba ya rasu, gidan ya rushe, kuma tun daga nan ba mai bi ta wurin sai awaki.

Da hantsi Safara'u ta dawo. Ta sauke itace, ta karɓi Kyauta ta ba ta nono, sannan ta kwance haɓar zanen da ta ɗaure a ƙirji tana murmushi.

"Inna, ga naki. Ɓaure na, amma ban taɓa ganin irinai ba."

Turai ta karɓa ta juya. Ya kai ƙwan zabo girma, baƙi-baƙi, ga ɗan wuya kamar na tulu, wani farin ƙaro na tsatstsafowa ta inda aka tsinke shi. Ta ɓare. Cikinsa ja wur kamar ɗanyen nama. Ta kawo shi kusa da ido, ta hura, ta sake hurawa. Ba abin da ya tashi. Ta ɓare na biyu, ta ɓare na uku, har duka biyar ɗin da aka kawo mata, ba ƙwaro ko ɗaya, ko mataccen ƙwaro.

"Ina kinka samo wanga abu?"

"Kufan Alhaji Mode, bakin rijiya."

"Kin ci?"

Murmushin Safara'u ya ɗauke. "Na ci, Inna."

"Nawa?"

"Ban ƙirga ba. Za su yi bakwai. Zaƙi gare shi awa zuma."

"Zaƙi! Ke yanzu da girmanki, ki ga ɓauren da ƙwaro ya ƙi, ki kai baki? Ƙwaro ya hi ki hankali ke nan? La'ilaha illallahu! Kuma kika zo kika ɗora mini yarinya bisa nono!"

Ta kwashe su ta watsa bayan danga, ta wanke hannu da toka har sau uku. Yinin ranar nan idonta na kan uwa da ɗiya, ba abin da ya faru, har ta fara cewa a ranta ko ta yi zafin baki ne a banza.

Gari na wayewa Safara'u ta fito tana riƙe da hannu ɗaya da ɗaya. Yatsunta sun yi bororo, gefen bakinta ya tashi, ƙirjinta kuma, daidai inda ta ƙunso ɓauren, ya saɓule kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Abin ya gangaro har saman nono. Turai ta duba, ta aika aka kira maƙwabciyarta Adama, tsohuwa ce sa'arta wadda hakiya ta fara cin idonta, don ba a gwajin nono sai da shaida.

Gwajin ba wuya gare shi ba. A tatsa nono a ludayi, a kamo tururuwa a saka a tsakiya. In ta yi iyo ta kama gefe ta haye, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, to, nono ya ɓaci, ba a ba jariri sai an yi magani ya gyaru. Haka Turai ta gada wurin uwarta, haka ta yi wa mata ba iyaka. Ta saka tururuwa. Ta zaga, ta zaga, ta yi ta harba ƙafafu, sannan ta naɗe ta tsaya cik.

"Ta haye?" in ji Adama, tana ƙanƙance ido.

"Ba ta haye ba."

Safara'u ta ɗora hannu a ka. "Inna, ni da nic ci, ga ni tsaye. Ban mutu ba!"

"Ina za ki mutu? Dahi ba ya zama cikin mai shayarwa, nono shika bi. Ke kin tsira, ita za ta sha shi." Ta ɗauki Kyauta ta goya a bayanta, ta ja zane ta ɗaure tamau. "Daga yau har nono shi gyaru, ba ki taɓa ta."

Aka shiga neman abin ba jaririya. Akuyar gidan ta ƙafe. Adama ta samo madarar saniya wurin Fulanin da suka sauka kusa da fadama, aka ɗura mata, ta dawo da ita ta baki ta hanci. Aka gwada ruwan kunu, haka. Mace ɗaya ce mai shayarwa a unguwar, ita ma da ta ji labarin ɓauren sai ta ce mijinta ya hana, kada bakin yarinyar ya shafa wa nata ɗan. Turai ta dafa wa Safara'u saiwoyi da kanwa, ta sha har tana amai. Da rana ta yi sanyi aka sake gwadawa, tururuwa ta sake mutuwa.

Ranar farko Kyauta ta yi kuka har unguwa ta ɗauka. Rana ta biyu kukan ya koma kamar na ɗan mage. Safara'u na zaune a ƙofar ɗaki, nono ya cika ya yi tauri yana zuba ta cikin zane, duk inda Turai ta juya da goyo idonta na biye.

Safiya ta uku Turai ta sauke goyo, ta shafa zanen, ta ji shi a bushe. Tun jiya da azahar yarinyar ba ta yi fitsari ba. Ta taɓa maɗigarta, ta ji ta faɗa ciki. Leɓɓan sun bushe, idanu a rabin buɗe. Turai ta ga wannan fuska a gidaje da yawa, ta kuma san kwana nawa ke tsakaninta da maƙabarta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka tafi da ɗanta. A ba ta nono, dafi. A hana ta, yunwa. Gaba kura, baya sayaki.

Ta daɗe a zaune da yarinyar a cinya. Sannan ta tashi ta yi alwala, ta sa wankakken zane, ta miƙa wa Adama jaririyar.

"Riƙe ta. Ko uwar ta yi ta birgima, kada ki ba ta." Ta juya wajen Safara'u. "Bakwai kinka ce?"

"Bakwai mi, Inna?"

"Za ni kufai in ci bakwai. Ni ba ni da nonon da dahi za shi bi, ya ƙahe tun ba a haihe ki ba. In dahi na, cikina za shi zauna shi kashe ni. In kun ga la'asar ban komo ba, to kun san gaskiya, a tahi a ɗauko ni. Likkahwanina na cikin tukunyar ƙarƙashin gado."

Safara'u ta kama ƙafarta. "Inna, don Allah! Mi zan ce ma ɗanki in ya komo?"

"Ki ce mishi uwatai ta tsuhwa. Sake min ƙahwa."

Turai ba ta taɓa shiga kufan ba tun ranar da aka fitar da gawar mai shi. Katanga ta zube, ƙaya ta cika tsakar gida, ba motsin komai. Can a bakin rijiyar da ta rufta, ga itacen nan tsaye kore shar, alhali duk garin ya bushe. Bai yi tsawon ɓaure ba, bai yi kama da cediya ba, balle durumi. Ganyen ne ya sa tsigar jikinta ta tashi: kowane ɗaya kamar tafin hannun mutum, da yatsu biyar a buɗe. Ta taɓa guda, ta ji kaushi kamar harshen saniya. Wani wari-wari mai ƙamshi na fita daga jikinsa. Ta ce, "A'uzu billahi," ta ja da baya, sai da ta tuna bushasshen zanen goyo sannan ta sake matsowa.

Ta tsinki bakwai, ta jera a kan dutse. Ta ɓare kowanne ta duba, ko Allah zai sa ta ga ƙwaro ɗaya ta huta. Babu. Ta yi kalmar shahada, ta rufe ido, ta kai na farko baki.

Abin haushi, daɗi gare shi. Kai, daɗin ma har ya yi yawa! Taushi, sanyi, zaƙi har cikin kunne, ga 'yan ƙananan ƙwayoyi na fashewa ƙas-ƙas a sauran haƙoranta. Wata guda ke nan rabon cikinta da ƙoshi, sai ga shi bakinta na neman na biyu tun ba ta haɗiye na farko ba. Wannan ya ƙara tsorata ta, don ta san mai son kama kaza ba da tsakuwa yake kiranta ba, da tsaba ne. Ta cinye bakwai ɗin tana hawaye, tana zagin Alhaji Mode a ranta, tana kuma nema masa gafara.

Sannan ta share wuri, ta kwanta ta hannun dama, fuska gabas, don kada ta ba masu ɗaukarta wahala.

Jiran mutuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Da farko leɓɓanta suka fara ƙaiƙayi, harshe ya yi yaji-yaji. Ta ce to, ya fara. Zuciyarta ta shiga bugawa kamar ana daka, gumi ya jiƙe mata wuya. Can ƙafar dama ta mutu murus, ta ce daga ƙasa yake ɗaukowa, ta hau salati da ƙarfi, sai da ta motsa ta gane kwanciya ce ta danne ta. Iska ta kaɗa, inuwar ganyen nan mai yatsu ta yi ta shafa mata fuska tana janyewa, tana shafawa tana janyewa. Ta so ta tashi ta ruga, amma ta daure ta ci gaba da kwanciya. Ta yi ta tunanin ƙabari da duhunsa, da tambayar da za a yi mata, da ko wanda ya ci abin da yake zaton dafi ne da gangan ya kashe kansa ne. Wannan tambaya ba ta zo mata ba sai yanzu da aiki ya riga ya gama. Ta yi kuka sosai, ita kaɗai, ba mai gani.

Aka kira azahar, ta yi salla a zaune. Tana sallamewa cikinta ya murɗa, wani irin murɗa da ya sa ta dafa ƙasa. Ya ƙugi, ya sake murɗawa. Ta ce, "Inna lillahi, ga shi nan." Ta jira ranta ya fita. Ashe ba rai ne ke son fita ba. Da rarrafe ta kai bayan rusasshiyar katanga, ta yi abin da ya kawo ta, ta dawo jikinta sakayau kamar an sauke mata kaya. Duk mutuwar da ta zo mata ke nan.

Inuwa ta miƙe ta yi tsawo. Ta taɓa hannunta, ta taɓa fuskarta, ta tashi tsaye ta ji ƙafa ta ɗauke ta. Ladan bai kai ƙarshen kiran la'asar ba tana bakin zaure, zane a hannu, tana haki.

Safara'u ta yi ihu ta rungume ta. Turai ta ture ta. "Tana da rai?"

"Tana numfashi," in ji Adama, "amma tun azahar ba ta motsa ba. Ga ludayi. A gwada a ba ta."

Safara'u ta tatsa. Turai ta kamo tururuwa a gindin murhu, babba mai ƙarfi, ta saka. A ranta ba ta da shakka: ta ci ba ta mutu ba, ba dafi, yanzu za ta haye. Tururuwar ta zaga. Ta nufi gefe, ta taɓa, ta zame. Ta sake nufa, ta sake zamewa. Ƙafafun suka rage sauri. Turai na kallo har tururuwar ta naɗe ta yi shiru a tsakiyar farin nono.

Duniya ta juya mata. Cikinta ya ce ba dafi, ludayi ya ce akwai, kuma ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Cikin nan nata ne, yau ta gwada shi da ranta. Ludayin na uwarta ne da kakarta, bai taɓa ba ta kunya ba, ko kuwa dai ba ta taɓa tambayarsa ba ne? Ta dubi Kyauta a cinyar Adama. Ƙirjin yarinyar na ɗagawa kaɗan, ya daɗe kafin ya sake ɗagawa.

"Turai, kin yi shiru," in ji Adama. "Ni ban gani. Ta haye?"

Safara'u ta rufe fuska da tafin hannu, ba ta iya kallo. Turai ta juya musu baya kaɗan, ta sa babban yatsa a cikin ludayin ta ɗauke matacciyar tururuwar, ta dunƙule hannu.

"Ta haye," ta ce. "Ba ta nono."

Shekara arba'in ba ta taɓa yin ƙarya a kan ludayi ba.

Safara'u ta fizgi ɗiyarta ta kai ƙirji. Yarinyar ba ta kama ba. Baki a sake, kai na langaɓewa. "Inna, ta ƙi! Inna!" Turai ta durƙusa, ta matsa nonon da hannu ɗaya, ɗigo ya sauka a leɓen, ya gangara banza. Ta sake matsawa, ta shafa maƙogwaron da yatsa. Na uku ne ya shiga. Maƙogwaro ya motsa. Sai ɗan harshen ya fito yana nema, leɓɓan suka rufe, ta ja sau ɗaya, ta huta, ta ja sau biyu.

Adama na hamdala, Safara'u na kuka da dariya a haɗe. Turai kaɗai ta san abin da ta yi. Kowane haɗiya da yarinyar ta yi sai ta ji shi a nata wuya, tana jiran ta ga ta sanƙare, ko kumfa ya fito, ko ido ya juye. In haka ta faru, ba ɓaure ne ya kashe ta ba, ba Safara'u ba ce, ita ce da bakinta. Ta karɓi jaririyar bayan ta saki nono, ta ɗora a cinya, ta ƙi ba kowa. Ta sake miƙa ta ta sha, ta sake karɓa. Ko ruwa ba ta kurɓa ba, ko gyara zama ba ta yi ba, tana kallon ɗan ƙirjin nan yana hawa yana sauka har rana ta yi ja.

Gab da magariba ta ji ɗumi a cinyarta. Ya bazu a zane, ya gangara har ƙauri. Kyauta ta yamutsa fuska, ta buɗe baki, ta tsala kuka mai ƙarfi na jin haushi.

"Ta yi hitsari!" in ji Safara'u. "Inna, ta jiƙa ki! Alhamdu lillahi da tururuwar ga ta haye. Da ba ta haye ba, da mun kashe ta da hannunmu."

Turai ta miƙa mata yarinyar, ta tashi da jiƙaƙƙen zane ta zaga bayan ɗaki. Can ta buɗe hannun da ta dunƙule tun la'asar, ta ga tururuwar manne a yatsanta, ta goge ta a jikin bango. Sai matan da ta taɓa ce wa "ba ta haye ba" suka fara zuwa mata a rai ɗaya bayan ɗaya, kowace da jaririn da aka raba ta da shi. Ta tuna sunan ta farko, da ta biyu, da ta uku. Ta huɗun Safara'u ce, a haihuwarta ta fari. Turai ta jingina da bango, ta zame ta zauna a ƙasa, aka yi ta kiranta ta zo ta yi alwala ba ta ji ba.